Kuɗin Tiyata da Turancin Ɗan Maraɗi

Shekara tara na yi ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Zariya kafin in zo Amurka. A Greensboro babu wanda ya tambaye ni wannan. Aikin da na samu shi ne jera kwalaye a wani katafaren sito da ke bayan manyan kantunan titin Wendover, daga shida na safe zuwa biyu da rabi. Amma a cikin jama'armu ina da wani matsayi da nake ji da shi. Yawancin Hausawan garin a wancan lokacin mutanen Nijar ne, wasu da Faransanci, wasu da karatun allo kawai. Duk wanda ambulan ya faɗo wa daga kotu ko ofishin haraji ko makarantar yara, wurina yake kawowa. Ranar Juma'a bayan an sallame, sai in tsaya jikin motata in sa tabarau, mutane su kewaye ni da takardu. Ba na karɓar ko sisi. Malam suke kirana, kuma wannan ya ishe ni.

A cikin waɗanda na karanta wa takardu har da wani ɗan Maraɗi da ya iso garin da jaka guda. Wata huɗu ya kwana a falona kafin matata ta zo daga gida. Ni na cike masa takardar neman lasisin tuƙi, ni na kai shi sito aka ɗauke shi aiki, ni na koya masa abin da zai ce a gidan mai. Bai yi shekara a siton ba ya bari. Ya koma sayen motocin da suka yi haɗari a wurin gwanjo, ya gyara, ya loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Kafin in ankara ya sayi gida a McLeansville, can bayan gari, mai fili har da kaji, ya je Makka ya dawo, kowa na ce masa Alhaji. Mu kuwa muna nan a hawa na biyu, a fulat mai ɗaki biyu, ƙarar motoci a kunnenmu safe da yamma. Abu ɗaya ne bai canza a jikinsa ba, shi ne Turancinsa. Yadda ya shigo da shi a karye haka ya zauna, kuma ban ɓoye wa kaina cewa hakan yana yi mini daɗi ba.

A shekarar da 'yarmu ta biyu ta shiga makaranta, ciwon ciki ya matsa wa matata. Likita ya ce tsakuwa ce a matsarmama, sai an yi tiyata an cire. Kwana ɗaya ta yi a asibiti. Ban damu da batun kuɗi ba, domin ina da inshorar lafiya ta wurin aiki, ana cire mini kuɗinta a kowane albashi. Kafin ranar tiyatar ma sai da na buɗe littafin da suka ba mu, na tabbatar asibitin yana cikin waɗanda suka yi yarjejeniya da su.

Bayan mako uku takardar kamfanin inshora ta zo. A samanta an rubuta cewa ba ta neman kuɗi ba ce, bayani ne kawai. Ta nuna abin da asibiti ya caza, da abin da aka rage bisa yarjejeniya, da abin da inshora ta biya, sannan abin da ya rage a kanmu, dala ɗari huɗu. Na ce alhamdulillahi. Sai ga takardar asibitin kanta, tana neman dala dubu biyu da ɗari takwas. Kwana biyu bayan haka wata ta biyo baya daga ofishin likitan da ya sa ta barci lokacin aikin, wanda ko fuskarsa ba mu tuna ba. Shi ɗari tara yake nema, alhali inshora ta ce rabonmu a wurinsa tamanin ne.

Matata na kwance a kujera, hannunta a kan ɗinkin, ta ce, "Malam, lafiya? Na ga fuskarka ta canza."

Na ce, "Kuskure suka yi. Wasiƙa ɗaya zan rubuta musu, shi ke nan."

Kuma na rubuta. Sau uku na sake ta a takarda kafin in je laburare in buga a kwamfuta. Wasiƙa ce mai shafi biyu, da gaisuwa, da girmamawa, da kalmomin da na san ko magatakardan asibitin sai ya duba ƙamus. Na karanta wa matata ita a tsaye. Ta ce ta yi daɗi. Bayan wata guda amsa ta zo, takardar nan ta farko ce aka sake turowa, sai dai an ƙara jan layi a ƙasa cewa lokacin biya ya wuce. Na rubuta ta biyu mai ɗan zafi. Na rubuta ta uku. A takardar da ta biyo bayan wannan, suka ce idan ban biya ba za su miƙa ni ga masu karɓar bashi, kuma kowa a nan ya san idan sunanka ya shiga hannunsu, ko haya ka je nema sai an tuna maka.

Sau ɗaya na gwada waya, a lokacin hutun cin abinci. Na tsaya bayan sito da wayar a kunne, ana kaɗa mini kiɗa har minti ashirin. Da wata mata ta ɗauka, na fara bayani tiryan-tiryan yadda na tsara. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta sake cewa ba ta gane ni ba. A karo na uku sai kunya ta kama ni. Ni da na yi shekara tara ina gyara wa yara lafazi, ga wata yarinya ba ta jin abin da nake faɗa. Na ce mata na gode, na kashe wayar.

A watan na fara tura wa asibitin dala ɗari, ban gaya wa kowa ba. Na yi haka wata uku. Matata ta gane ne da ta ga kuɗin da muke aika wa mahaifiyarta ya ragu, ta buɗe littafin cek ta gani. Ba ta yi mini faɗa ba. Amma a wurin wani suna ta gaya wa matar Alhaji, ita kuma ta kai gida.

Ranar Litinin ba na zuwa aiki. Wajen ƙarfe tara na safe, yara sun tafi makaranta, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Alhaji ne, da rigar aikinsa mai baƙin mai, da kwalin ƙwai a hannu.

Ya ce, "Malam, mi ya sa ba ka hwaɗa mini ba? Madam, sannu da jiki. Kawo mini faktir ɗin in gani."

Faktir shi ne abin da mutanen Nijar ke ce wa takardar kuɗi. Na ce masa ai ina kan maganar, an kusa gamawa. Matata ba ta ko dube ni ba, ta shiga ɗaki ta ɗauko jakar takardun. Kafin ta miƙa masa na zare ta likitan barci na sa a aljihu. Har yau ban san ko ta gani ba.

Ya shimfiɗa takardun biyu a kan tebur, ta inshora da ta asibiti. Bai iya karanta su sosai ba. Ya sa yatsa a kan lambobi yana tambayata, nan mi aka ce, nan fa? Ni kuma ina karantawa. Ya ce ya sha irin wannan lokacin haihuwar ɗansa, kuma kullum cikin rigima da masu inshorar mota yake. Ya ce ba asibiti ake fara kira ba. Ya jawo wayar gidanmu, ya danna sifika, ya sa na karanta masa lambar da ke bayan katin inshora.

Muka jira fiye da rabin awa. Ni ina ta duba agogo, shi kuwa ko a jikinsa. Ya sha shayi kofi biyu, ya ba matata labarin yadda wani zakaransa ke bin mai kawo wasiƙu da gudu. Da aka ɗauka, wata mata ce. Ya gaishe ta kamar sun saba, ya tambayi sunanta, ya maimaita shi ba daidai ba, ta gyara masa, suka yi dariya tare. Ta ce ba za ta iya magana da shi ba sai mai inshorar da mai jinyar sun yarda. Ya tura mana wayar. Matata ta faɗi sunanta da ranar haihuwarta. Ni kuma na ce, eh, na yarda. Wannan ita ce duk maganar da na yi a wayar ranar.

Sannan ya fara. Da ɗalibina ne ya rubuta abin da ya faɗa, da na ja masa jan biro daga sama har ƙasa. Ya ce mata shi bai gane ba. Takarda ɗaya ta ce ɗari huɗu, takarda ɗaya ta ce dubu biyu da ɗari takwas. Wace ce mai ƙarya? Ta yi masa bayani da sauri. Ya ce bai ji ba, ta sake a hankali, shi Turancinsa ƙarami ne. Ta sake. Ya ce har yanzu da saura. Sau huɗu ya sa ta maimaita, kuma ban ga alamar kunya ko ɗigo a fuskarsa ba. A ƙarshe ta faɗa da bakinta cewa asibitin yana da yarjejeniya da su, ba shi da ikon neman fiye da ɗari huɗu.

Ya ce, "Madalla. To kar ki tafi. Kira su yanzu, ki faɗa musu ina ji."

Ban san ana haka ba. Ta haɗa layin, aka sake jira, sai wata mata daga ofishin kuɗi na asibitin ta shigo. Matan biyu suka yi ta karanta wa juna lambobi, shi kuma ya kishingiɗa yana ɓare ƙwan da matata ta dafa. Can sai ta asibitin ta ce ta gani. An shigar da kuɗin da inshora ta biya, amma ba a cire ragin yarjejeniyar ba. Ta ce za ta dakatar da maganar masu karɓar bashi, kuma sabuwar takarda za ta zo cikin kwana talatin.

Ya nuna ni da haɓa, ya ce, "Malam, rubuta sunanta da lambar magana." Na rubuta sunan da lambar shaidar da ta bayar. Sai ya tambaye ta wasiƙun da aka aiko fa? Ta duba, ta ce eh, an karɓi guda uku, suna cikin fayil.

Da ya ajiye wayar matata ta fashe da dariya, har ta riƙe gefen ciki inda tabon ɗinkin yake. Tun kafin tiyatar ban ji ta yi irin wannan dariyar ba. Ta ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, Allah ya raya zuri'a. Ashe magana ce kawai ta fatar baki!"

Ba da ni take ba, na sani. Amma wata huɗu na yi ina rubutu, kuma a gabana ta faɗa. Ta hana shi tafiya sai da ya ci abinci, ta ɗauko farantan da ba a fitowa da su sai da Sallah. Na zauna kusa da shi ina juya shinkafa da cokali.

Akwai abin da zan faɗa wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu. A cikin kwana talatin ɗin nan, duk ranar da na buɗe akwatin wasiƙu, wani ɓangare na zuciyata yana fatan kada gyaran ya zo. Ina so a sake turo dubu biyu da ɗari takwas, in ajiye a gaban matata, in ce kin gani, ba a yin waɗannan abubuwa da wasa da dariya. Kuɗina ne, guminmu ne, amma na gwammace in yi asara da a ce shi ya yi daidai. Nakan yi istigfari in na kama kaina, gobe kuma in sake.

Takardar ta zo a rana ta ashirin da wani abu. An cire ɗari uku da na riga na biya, saura dala ɗari.

Matata ta ce dole mu je godiya. Ranar Asabar muka ɗauki yara muka nufi McLeansville. Muna fita daga gari sai filaye, da gidaje nesa da juna, yara na ta nuna dawaki ta taga suna ihu da Turanci. Mun tarar da baƙi a gidan, mutum biyar ko shida a ƙarƙashin bishiya. Aka sa Alhaji ya ba da labarin, ya bayar, yana kwaikwayon muryar matan biyu, ana ta dariya. Kuma duk inda ya kai sai ya ce, "Malam ne ya karanta mini komai, ni mi na sani?" Da ya yi alfahari da na samu abin riƙewa. Bai yi ba. Ina zaune a kujerarsa, ina cin naman kazarsa, ina lissafin tagogin gidansa.

Labarin ya bazu. Juma'a biyu ko uku bayan haka, na tsaya jikin motata kamar kullum, na ga ambulan sun koma can gefen motar Alhaji. Wani dattijo daga Damagaram, wanda shekara huɗu ni nake karanta masa komai, ya wuce ni da sallama kawai. Bayan minti goma ya dawo.

Ya ce, "Malam, Alhaji ya ce ka duba mini lambobin nan ka ja layi a ƙarƙashinsu, shi zai buga waya ran Litinin."

Na ce, "To, Baba." Na ja layin.

Saura takardar likitan barci, wadda na ɓoye. Na rantse a raina cewa wannan ni zan yi ta, ba wanda zai ji. Wata Litinin matata ta fita kai ƙaramar 'yarmu asibitin haƙori, na zauna da wayar. Na yi duk yadda na ga ya yi. Na fara da inshora, na jira, na tambayi sunan wanda ya ɗauka. Da ya ce in maimaita, na cije na maimaita. Har na tsinci kaina ina gutsure jimlolina, ina jefar da ƙa'idojin da na koyar, ina magana irin ta Alhaji. Abin haushi, sai aka fi gane ni.

Amma wannan ba irin waccan ba ce. Mutumin ya ce likitan barcin ba ya cikin yarjejeniyarsu, ko da yake asibitin yana ciki. Saboda haka yana iya neman abin da inshora ba ta biya ba. Na ce matata tana kwance a kan gadon tiyata, ta yaya za ta zaɓi wanda zai sa ta barci? Ya ce ya fahimta, amma a waya ba abin da zai iya. Sai dai in ɗaukaka ƙara a rubuce, ya ba ni adireshi.

A rubuce. Wannan kuwa fagena ne. A wannan karon shafi ɗaya na yi, babu kalmar ƙamus ko guda. Na faɗi ranar tiyata, na ce mun zaɓi asibitin da ke cikin littafinsu, ba a tambaye mu game da likitan barci ba, ina roƙon su biya shi kamar yana cikin yarjejeniya. Na haɗa da kwafin takardun. Wata biyu ba labari, ofishin likitan kuma na ta turo tuni. Sannan inshora ta amsa cewa ta ƙara masa wani abu. Ba duka ba. Daga ɗari tara aka dawo ɗari uku da ashirin. Na kira ofishin na roƙi ragi, suka ƙi, amma suka yarda in biya a wata huɗu.

Ba cikakkiyar nasara ba ce, amma tawa ce. Washegari da na tashi aiki, maimakon in yi gida, sai na tuƙa har garejin da Alhaji yake gyaran motocinsa. Ina so in ga fuskarsa in ya ji akwai abin da waya ba ta yi. Na same shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafu kawai a waje. Ya fito yana goge hannu, na ba shi labari tun daga farko.

Ya daki kafaɗata da hannunsa mai baƙin mai, ya ce, "Kai, Malam! Wallahi irin wannan ce ta kayar da ni. Mutum biyu na buga musu waya kan likitan barci, aka ce sai takarda, na rasa yadda zan yi. Don Allah ba ni kwafinta."

Farin cikinsa na gaskiya ne, babu ko ƙwayar abin da na je nema. Na ba shi kwafin. Ya sa aka shafe sunanmu da lambobinmu, aka buga da yawa, yana raba wa duk wanda irin wannan ta samu. Kafin shekara ta zagayo kowa a masallaci ya san ta. Takardar Alhaji ake ce mata. Wata rana wani saurayi ɗan Kano da bai daɗe da zuwa ba ya kawo mini ita, ya ce in taya shi cike guraben, kuma in yi hankali kada in canza komai, don an ce yadda Alhaji ya tsara ta haka take aiki.

Na dawo gida ranar ban iya cin abinci ba. Matata tana ninke kayan yara a falo. Na zauna, na ce mata, "Wasiƙar da suke yawo da ita, ni na rubuta."

Ta ce, "Na sani, Malam."

"Ba wanda ya sani."

Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube ni. Ta ce, "Tun ranar da Alhaji ya zo gidan nan ya buga wayar ba ka sake ba. Mutumin nan bai yi maka komai ba sai alheri."

Na ce na sani, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Ta ci gaba da ninki. Can ta ce matarsa ta taɓa gaya mata wani abu. Wai duk lokacin da takardar makarantar ɗansu ta zo, sai ya juya ta ya juya, ya ajiye, ya ce da zai iya ba da gidan nan a ba shi kan Malam, da ya bayar. Wai har kunyar zuwa taron iyayen yara yake, don kada a miƙa masa abu a ce ya karanta.

Ya kamata in ji tausayinsa, kuma daga baya na ji. Amma a wannan lokacin abin da na ji daɗi ne, tsantsarsa, har cikin ƙashi. Na jawo kwanon abincin da na ture, na ce mata, "Yaya ma ta ce ya faɗa? Sake gaya mini daidai yadda ta faɗa."